Kulob 13 a kaka 14: Ish Smith gwani ne, ko kora ake yi masa?

Baban Iman: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare da aka kawo wuta na zauna na sake kallon wasa na biyar na ƙarshen gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, ta 2023, wanda Denver ta ci Miami 94 da 89 ta ɗauki kofin farko a tarihinta. A daren da aka buga shi ma ban runtsa ba, an fara wajen ɗaya da rabi na dare agogon Najeriya, ana tashi ba a daɗe ba aka yi kiran assalatu. Sai dai a wancan daren Jokić da Jamal Murray kawai idona ke gani. Jiya kuwa hankalina ya koma kan 'yan benci, musamman ɗan gajeren nan, Ish Smith. Mutumin nan Denver ce kulob ɗinsa na 13 a NBA, kuma da ita ya kafa tarihi, don kafin shi babu wanda ya wuce 12. Ku ji jerin: Houston, Memphis, Golden State, Orlando, Milwaukee, Phoenix, Oklahoma City, Philadelphia, New Orleans, Detroit, Washington, Charlotte, Denver. Philadelphia da Washington da Charlotte ma sau bibbiyu ya zauna a cikinsu. A 2010 da ya gama jami'ar Wake Forest aka zaɓi sababbin 'yan wasa 60, babu sunansa. Amma sai da ya yi kaka 14 a gasar. Ni dai tun jiya nake jin mutumin nan a raina, kuma ina ganin ba mu ba irinsa haƙƙinsu a wannan zaure. Me kuka gani?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Yaya, da girmanka, amma ni ban ga abin yabo a nan ba. Matar da ta yi aure 13 ba a cewa ta fi kowa iya zaman aure. In da yana da kyau da wani ya riƙe shi. Kobe shekara 20 a Lakers, Tim Duncan 19 a San Antonio, Dirk Nowitzki 21 a Dallas. Waɗannan su ne 'yan wasa. Shi wannan duk inda ya je ba a jimawa a haɗa masa kayansa. Ruwa ba ya tsami banza.

Maman Hanif: Ɗan Fagge, a cire mata daga wannan misali don Allah. Ba duk wadda aurenta ya mutu ba ce mai laifi, kuma ka san haka. A ci gaba da maganar ƙwallo.

Ɗan Fagge: Na janye, Anti, a yi haƙuri. Amma maganata ta kulob 13 tana nan.

Mai Lissafi: Maganar tana nan, amma ka ɗauko ma'aunin da bai dace ba. Ka kawo mutum uku cikin waɗanda suka fi kowa a tarihin wasan, ka ce duk wanda bai kai su ba ba komai ba ne. Mu yi lissafi. Kulob 30 ne a NBA, kowanne yana da gurbin cikakken kwantiragi 15. Kujera 450 ke nan ga duniya baki ɗaya. Kowace shekara ana shigo da sababbi 60 ta hanyar zaɓe, ban da waɗanda ke zuwa daga Turai da ƙaramar gasar G League. Duk wanda ya shigo, kujerar wani ya karɓe. Mutum mai tsawon mita 1.83, a wasan da dogaye ke mulki, wanda kowa ya san jifansa na maki uku ba abin dogaro ba ne, ya riƙe ɗaya daga cikin kujerun nan shekara 14. Kai kana ƙirga sau nawa aka sallame shi. Ni ina ƙirga sau nawa aka sake buga masa waya.

Ɗan Damagaram: Gafara dai, ni sabo ne a kwando, ƙwallon ƙafa na fi sani. Shi ne yake cewa a sayar da shi, ko yaya abin yake? Don a ƙwallon ƙafa in ɗan wasa ya ƙi tafiya ba yadda za a yi da shi sai dai a ajiye shi a benci.

Mai Lissafi: Tambayarka ita ce gindin maganar. A NBA ba a sayen ɗan wasa kamar yadda Madrid ke sayen ɗan wasa daga Monaco. Musaya ake yi. Kwantiraginka ne ake miƙa wa wani kulob a karɓo na wani, ko a karɓo gurbin zaɓen shekara mai zuwa, kuma galibi ba a neman yardarka. Akwai sharaɗin hana musaya, amma kafin a rubuta maka shi sai ka yi shekara 8 a gasar, 4 daga ciki a kulob ɗin, kuma 'yan ƙalilan ne suka taɓa samunsa. Sannan akwai dokar daidaita albashi: in kulob biyu za su yi musayar manyan 'yan wasa, dole kuɗin ɓangarorin biyu su yi kusa da juna. To a nan ne ake cusa masu ƙaramin albashi a cike giɓi. Dubi tafiye-tafiyen Ish na farko. A Fabrairun 2011 Memphis Shane Battier take so daga Houston, aka haɗa mata da Ish. A Fabrairun 2013 Milwaukee JJ Redick take so daga Orlando, aka haɗa mata da Ish. Bayan wata shida Milwaukee ta so Caron Butler daga Phoenix, aka sa Ish a cikin kuɗin. Ba wai ya yi laifi ba ne. Gyara ce da ake ɗora wa mai sayen hatsi bayan an gama awo.

Ɗan Fagge: To ai ka faɗa da bakinka. Gyara. Ni abin da nake cewa ke nan.

Baban Iman: Dakata ƙanina. A waccan musayar ta 2011, ka san wa Memphis ta tura Houston? Hasheem Thabeet, ɗan Tanzaniya, wanda aka zaɓa na 2 a duk duniya a 2009, tsawonsa ya haura mita 2.20. Wasansa na ƙarshe a NBA a 2014 ne. Shi kuwa gyarar da ba a ko zaɓa ba sai da ya ƙara shekara goma a kan haka. Ba ina aibata Thabeet ba ne, ɗan Afirka ne ɗan'uwanmu kuma ya yi iya yinsa. Ina nuna maka ne cewa wanda aka shigo da shi da ganga da wanda ya shigo ta ƙofar baya, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Kocin Unguwa: Salamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta, bari tsoho ya sa baki. Ɗan Fagge, ɗana, kana kallon kwando ne daga gajerun bidiyon da ake yankowa, inda ake nuna wanda ya dunƙula ƙwallo a raga kawai. Zo ka zauna a kujerar koci na kwana ɗaya. Mai raba ƙwallonka na farko ya ji ciwo a idon sawu ranar Talata, kana da wasa Laraba da Juma'a da Asabar, a garuruwa uku. Ba tauraro kake nema ba a ranar, ba ka da kuɗinsa ma. Kana neman wanda zai sauka daga jirgi da safe, a ba shi tsarin wasanku ya haddace kafin la'asar, ya shiga da daddare bai zubar maka da ƙwallo ba, ya san dogonku ya fi son fasin a sama ko a ƙasa, ya tura wasan da gudu don abokan hamayya kada su samu tsayawa. In mai wurin ya warke kuma, ka ce masa koma benci, ya koma ba tare da ya ɓata fuska ko ya je yana zuga yara a ɗakin canza kaya ba. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuyar samu. Masu gudu suna da yawa. Masu iya jifa sun fi shi yawa. Amma wanda zai buga minti 30 yau, gobe minti 4, jibi ko tashi ba zai yi ba, kuma ranar atisaye shi ne farkon zuwa, wallahi a shekarun da na yi ina wannan harka ban haɗu da biyar ba. Kociyoyi kuma suna magana da juna. Kafin a ɗauke ka sai an buga wa wanda ka baro waya an ce yaya halinsa. Mutum mai mugun hali ba ya kai kulob na biyar, balle na 13, sai dai in gwanintarsa ta kai a jure masa. Shi Ish gwanintarsa ba ta kai a jure masa komai ba. Ka gane abin da nake nufi.

Ɗan Fagge: Na gane, Baba Koci. Amma hali ba ya cin wasa. A nuna min inda ya taɓa canza wani abu a fili.

Baban Iman: Philadelphia, Disambar 2015. Ban san ko ka fara kallo a lokacin ba. Kulob ɗin nan sun buga wasa 31 sun ci 1. Sun buɗe kakar da shan kashi 18 a jere. Yara ne zalla, ba mai raba musu ƙwallo na kirki. Ranar 24 ga Disamba suka ba New Orleans gurbin zaɓe biyu na zagaye na biyu suka dawo da Ish, wanda su da kansu suka bari ya tafi watanni kaɗan kafin nan. Bayan kwana biyu suka je Phoenix suka ci wasa. A ragowar kakar yana ba su kusan maki 15 da fasin 7 a kowane wasa, Nerlens Noel da ya yi sanyi ya dawo yana samun ƙwallo a saman raga. Ba zan yi maka ƙarya ba, sun ƙare da ci 10 da shan kashi 72, bai mai da su zakaru ba. Amma cikin goman nan tara bayan zuwansa ne. Wannan aikin ne ya sa Detroit ta ba shi kwantiragin shekara 3 kan dala miliyan 18 a 2016, karo na farko da ya samu wurin ajiye jakarsa. A can ma da mai raba ƙwallonsu na farko Reggie Jackson ya yi ta fama da rauni shi ya riƙe musu wurin, har a kakar 2017 zuwa 2018 ya buga duka wasanni 82 bai tsallake ko ɗaya ba. Tun a jami'a ma an ga alamar zuciyarsa: shi ne ya jefa ƙwallon da Wake Forest ta fitar da Texas 81 da 80 a ƙarin lokaci a gasar jami'o'i ta 2010, saura daƙiƙa ɗaya da 'yan kai.

Ɗan Zazzau: A wannan tawagar ta Wake Forest akwai namu, Al-Farouq Aminu. Shi aka zaɓa na 8 a wannan shekarar da aka tsallake Ish. Ya yi Clippers, New Orleans, Dallas, Portland, Orlando, Chicago, yana cikin D'Tigers, tawagar kwando ta Najeriya, da suka ci Angola suka ɗauko kofin Afirka a Tunisiya a 2015. Ka ga shi ma na 8 ɗin kulob shida ya zagaya. Yawo shi ne asalin rayuwar gasar nan, zaman wuri ɗaya shi ne baƙon abu. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Maman Hanif: Ni duk lissafinku na miliyoyi bai taɓa ni kamar abu ɗaya ba: iyali. Maigidana ma'aikaci ne da ake yi wa canjin wurin aiki, a shekara tara mun zauna gari biyar. Na san abin da ake nufi da a kira mutum da yamma a ce ranar Litinin ka kama aiki a wata jiha. Akwai kwalayen da na ɗaure tun tashinmu na biyu, har yau ban kwance su ba, tukwanen aurena na ciki, na rubuta sunansu da alƙalami a jikin kwalin. Babban ɗana ya yi makarantar firamare huɗu. Akwai ranar da na ce masa ya gayyato abokinsa su ci abinci, ya ce Mama ni na daina yin aboki, ai tafiya za mu yi. Na shiga ɗaki na yi kuka. Mu ma ana ba mu mako guda ko biyu. Su waɗannan na ji an ce kwana biyu ne mutum ya bayyana a sabon gari. To wa ke kwashe kaya? Wa ke zuwa makaranta karɓo takardun yara? Wa ke neman sabon likita in matar tana da ciki? Ku maza kuna ganin riga ce kawai aka canza masa.

Mai Lissafi: Gaskiya ne Hajiya, kuma wani lokacin ko kiran ma ba a yi. A Fabrairun 2019 Harrison Barnes yana tsakiyar wasa da rigar Dallas labari ya bazu cewa an miƙa shi Sacramento. 'Yan kallo da ke riƙe da waya sun riga shi sani ko sun ji tare da shi. Kuɗin ma da muke ambata ba haka suke isa aljihu ba. Harajin gwamnatin tarayyar Amurka a kan masu irin wannan albashi ya kusa kashi 40 cikin 100, ga na jihohi, ga kason ejan da ke iya kai kashi 4, ga hayar gida a garin da ba ka san ko za ka kai watan Maris a cikinsa ba. Ban ce talaka ne ba, ya tara abin da ni da jikokina ba za mu tara ba. Amma shekarunsa shida na farko a kan mafi ƙarancin albashi ya yi su ko kusa da haka, wasu ma ba tabbas a kwantiragin, ana iya sallamarka kafin wata rana a Janairu a daina biya. Ƙasa da shi kuma akwai masu kwantiragin kwana 10, wanda kulob ɗaya ba ya iya ba ka fiye da sau biyu a kaka, daga nan ko a riƙe ka ko ka kama gabanka. Fansho ma sai ka cika kaka uku kake shiga. Da yawa ba sa kaiwa.

Ɗan Fagge: To duk na ji. Amma ni inda nake da ja shi ne biyayya. Ɗan wasa ya kamata a san shi da gida ɗaya. Wa ya yi kukan Ish ranar da ya yi ritaya? Wane gari ne zai rataye rigarsa?

Ɗan Zazzau: Biyayya daga wane ɓangare? DeMar DeRozan ya yi kaka 9 a Toronto, ya ce nan ne gidansa, ya sabunta kwantiragi ba tare da ya saurari kowa ba. A 2018 aka miƙa shi San Antonio aka karɓo Kawhi Leonard. Wanda ya yi wannan musaya namu ne, Masai Ujiri, wanda ya tashi a nan Zariya, kuma shekara ɗaya bayan haka Toronto ta ɗauki kofi. Ina alfahari da Masai har gobe, amma DeRozan ya ji ciwon abin ƙwarai kuma bai ɓoye ba. Luka Dončić fa? Fabrairun 2025, cikin dare, Dallas ta miƙa shi Lakers yana ɗan shekara 25, bayan ya kai su wasan ƙarshe a 2024. In ana iya yi wa Luka haka, da wane baki za a tuhumi Ish da rashin zama? Kuma shi kansa Masai ɗan ci-rani ne a zamanin wasansa. Ya yi shekaru yana buga ƙananan gasanni a Turai, Ingila da Beljiyam da sauransu, bai taɓa buga NBA ba. Ya fara aikin farautar 'yan wasa wa Orlando ba albashi, da kuɗin aljihunsa yake tafiya. Wannan yawon ne ya ba shi idon da ya kai shi janar manajan Denver a 2010, aka zaɓe shi gwarzon shugaban kulob a 2013.

Baban Iman: Ka tuna min da Ime Udoka. Shi ma ba a zaɓe shi ba a 2000. Ya yi ƙananan gasannin Amurka, ya je Ajantina, Sifaniya, Faransa, ya samu wasa huɗu kacal a Lakers, ya ɗan leƙa New York, sai yana dab da shekara 30 ya samu wuri sosai a Portland, garin haihuwarsa, daga nan San Antonio. Ya sa wa Najeriya riga a gasar duniya ta 2006 a Japan. Popovich, kocin San Antonio a lokacin, ya ɗauke shi mataimaki a 2012, ya kai Boston wasan ƙarshe a shekararsa ta farko ta babban koci a 2022. Boston ta dakatar da shi daga baya kan saɓa dokokin kulob, wannan kuskurensa ne ba na kare shi, amma Houston ta ɗauke shi a 2023. Wanda ya zauna a ƙarƙashin koci goma ya ga tsari goma. Tauraro tsari ɗaya ya sani, wanda aka gina a kansa.

Ɗan Fagge: Udoka da Masai na yarda, sun zama wani abu. Amma zoben zakarun gasa da aka ba Ish a 2023, tsakani da Allah, nasa ne? A wasannin fidda gwani mintocin da ya samu ba su taka kara sun karya ba. Ni a ganina zoben Jokić ne aka ba shi aro.

Mai Lissafi: A nan kam kana da hujja, ba zan musa ba. A fili ba shi ya ci musu Miami ba, ba shi ya share Lakers 4 da 0 ba. In ana jera waɗanda suka kawo kofin nan zai zo can ƙasa.

Kocin Unguwa: Zai zo ƙasa, amma yana cikin jerin. Kaka wata takwas ce, ba mako biyu ba. Murray ya dawo ne daga tiyatar gwiwa da ta cinye masa kaka guda cur, ana lallaɓa shi, wani ne ke ɗaukar mintocin da ake rage masa a Disamba da Janairu. A atisaye kuma 'yan benci ne ke kwaikwayon abokan hamayyar gobe don manyan su gwada kansu. Michael Malone, kocin Denver a lokacin, ya tara tsofaffin matafiya a bencin nan da gangan: Ish, DeAndre Jordan, Jeff Green wanda aka buɗe wa ƙirji aka yi masa tiyatar zuciya a 2012 ya dawo ya ci gaba da zagaya kulob-kulob, har da Reggie Jackson ɗin da Ish ya yi wa jiran gado a Detroit. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bari in ba ku nawa. Ni ban je ko'ina ba, a nan gida na buga, kulob huɗu a jihohi uku. Mukan tashi a bas tun asuba zuwa Legas, gwiwoyinmu a jikin kujerar gaba, mu isa ƙafa ta kumbura, mu kwana a katifu a ƙasa, washegari mu shiga fili. A kulob na uku na ji ciwo a gwiwar hagu ana saura wasa biyu a gama zagaye. Ba wanda ya kira ni ofis, ba takarda. Na dawo atisaye bayan wata biyu da sandata, na tarar an ba wani yaro rigata mai lamba 6, sunana kuma babu a takardar da aka liƙa a ƙofa. Alawus ɗin wata huɗu har yau ban gan shi ba. Wanda ya ɗauke ni a babur ya mai da ni gida ranar, wani ɗan benci ne da ba ya samun ko minti biyar a wasa. Shi ne ya haɗa ni da kulob na huɗu, don ya taɓa zama a can kuma sun yarda da maganarsa. Taurarin tawagar ko gaisuwa ba su aiko ba. Shi ya sa in na ga irin su Ish a ƙarshen benci ba na ganin ragowa. Shi aƙalla yana da ƙungiyar 'yan wasa mai ƙarfi da ke tsaya masa, kuɗin da aka rubuta masa da tabbaci sai an biya ko an sallame shi. Namu 'yan ci-ranin na gida, da masu tafiya ƙasashen Larabawa da ƙananan gasannin Turai da Asiya, su ne abin tausayi.

Ɗan Zazzau: Allah ya saka maka, Koci. Olumide Oyedeji ma ai haka ya yi bayan Seattle da Orlando, ya zagaya Sin da Koriya da wasu ƙasashe da dama. Ike Diogu, na 9 a zaɓen 2005, kulob shida a NBA, daga nan Sin da Puerto Rico, amma duk sanda Najeriya ta kira yana zuwa, har ya zama gwarzon gasar Afirka ta 2017 duk da Tunisiya ta ci mu a wasan ƙarshe. Ɗan Fagge yana tambayar wane gari zai rataye rigar irinsu. Diogu dai mu nan mun san rigar da muka san shi da ita.

Ɗan Fagge: Baba Koci, labarinka ya taɓa ni, Allah ya bi maka haƙƙinka. Na sauko daga cewa ba shi da amfani. Amma ba zan ɓoye ba, in ni ne aka ba zaɓi, na fi son shekara 8 a gari ɗaya a san ni, da 14 a gari 13. Kuma maganar zobe har yanzu ban gamsu ba.

Baban Iman: Ai ba laifi, shi ma da an ba shi zaɓin wataƙila abin da zai ɗauka ke nan. Ba a ba shi ba ne. Abu ɗaya da ya yi min daɗi, kakarsa ta ƙarshe a Charlotte ya yi ta, a jihar North Carolina inda aka haife shi ya yi karatu. Kuma cikin mutum huɗun da ya karɓe tarihin daga hannunsu, wato Chucky Brown, Jim Jackson, Tony Massenburg da Joe Smith, shi Joe Smith na 1 aka zaɓe shi a 1995, shi kuma Chucky Brown yana cikin tawagar Houston da ta ɗauki kofi tare da Hakeem Olajuwon a wannan shekarar.

Ɗan Damagaram: Na ƙaru sosai. Koci, tunda magana ta zo nan, ina da ƙane ɗan shekara 19, dogo ne, yana buga wa wata ƙungiya a nan. Wani mutum ya zo ya ce shi ejan ne, zai kai shi wani kulob a waje, amma sai mun ba da kuɗin biza da na jirgi tukuna. Mahaifiyarmu har ta fara maganar sayar da shanunta biyu.

Kocin Unguwa: Kada a sayar da ko akuya tukuna. Kulob ɗin da ke son yaro da gaske shi ke aiko takardar gayyata da sunansa, kuma galibi shi ke biyan jirgi. Ejan na gaskiya daga kwantiragi yake cin kasonsa, ba daga aljihun uwar yaro ba. Ku tambaye shi lasisinsa na FIBA, hukumar kwando ta duniya, ana iya duba sunansa a shafinsu. Ku nemi sunan kulob ɗin ku tuntuɓe su da kanku, ba ta lambar da shi zai ba ku ba. Kuma ba a ƙetara ƙasa da ɗan wasa mai rajista sai da takardar sallama daga hukumar kwando ta ƙasarsa, to ku je hukumar ku ji ko an nemi tasa. Fasfo kuma kada ya bar hannun yaron ko da wasa. In akwai wata takarda da mutumin ya ba ku, ɗauki hotonta ka turo min ta akwatin sirri in duba.

Ɗan Damagaram: Akwai guda biyu, ɗaya da Faransanci ɗaya da Turanci. Suna wurin mahaifiyarmu. In na je gida bayan sallar isha'i zan turo, in sha Allah.

Maman Hanif: Ka turo ta Faransancin a nan ma in ba damuwa, ka rufe sunan yaron. Ƙanwata ta yi karatu a Yamai, za ta karanta mana.